Fim Ɗin da Ya Mayar da Baba Tanko Gida

Bari in tona asirin kaina kafin ƙannena su riga ni. Ranar da aka fara sakar mini majigi ni kaɗai, ban duba ko an mayar da fim baya ba. Wanda ya are shi kafin mu ya bar shi a naɗe daga ƙarshe, ni kuma ina ta ɗokin a gan ni a bayan inji, sai na zura shi haka nan na kunna. Sai ga mutane a jikin zani, ƙafa sama kai ƙasa, kowa yana tafiya da baya. Wani bawan Allah da aka harbe ya miƙe garau, ya karkaɗe rigarsa, ya fita ta ƙofa da ƙeya. Na ji kamar in shige gwangwanin fim in rufe kaina. Amma Baba Tanko, maigidana a sana'a, ko gezau bai yi ba. Ya jawo makirufo ya ce, "Jama'a, wannan ƙasa tana can ƙarƙashin duniya, shi ya sa kuka gan su a kife. Kuma mutane ne masu ladabi, ba sa juya wa babba baya." Wata tsohuwa ta ce, "Allah mai iko!" Har yau akwai waɗanda suke tambayata yaushe za a sake kawo fim ɗin mutanen kirkin nan.

Na kawo wannan ne saboda ku, yaran unguwar Tremont ta New York, masu kewaye ni kowace Asabar kuna cewa, "Yaya Hamisu, ai izi ne, ba wuya, maɓalli kawai ake dannawa." A yi muku Hausa ku mayar da Turanci, amma kuna so a ba ku inji. To ku zauna ku ji. Shekarata goma sha bakwai, amma abin da na gani a sana'ar nan ya isa ya sa wa jariri furfura.

Ɗaukar majigin kansa shi ne darasi na farko. Akwati ne mai nauyin ɗan maraƙi, kuma wanda ya ƙera shi ya sa masa mariƙi ɗaya tak, don mugunta. In ka sauko da shi besmen, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ƙungiyarmu take taro, kusa da ɗakin tukunyar ɗumama gida, sai ka buɗe masa hannaye biyu: na gaba yana sakin fim, na baya yana naɗewa. Tsakaninsu akwai hanya mai kwana-kwana da ta fi lungunan cikin birnin Kano, duk haƙora, kuma kowane haƙori sai ya shiga raminsa a gefen fim. Sai ka bar wa fim 'yar lanƙwasa a sama da ƙasan tagar haske. In ta yi kaɗan, hoto ya kama rawar sanyi. In ta yi yawa, jarumi ya buɗe baki yau, magana ta iso gobe. Kwan fitila kuwa sarki ne: ba a taɓa shi da yatsa, ba a motsa inji yana da zafi. Aljihuna ba ya rabuwa da reza, da salatif, da ɗan burushi, da kwan ajiya a nannaɗe cikin safa.

Shekarata ta farko ko inuwar maɓallin ban taɓa ba. Ni ne mai toshe tagogi da barguna don rana ba ta san ana kallo ba. Ni ne mai rataya farin zanin gado a bango, wanda Innata take nema har yanzu, kuma ina roƙon kada wanda ya karanta mata wannan. Ni ne mai zuwa laburare in aro fim, in rungumo gwangwanaye a jirgin ƙarƙashin ƙasa kamar mai jego. Sannan aiki mafi daraja: riƙon kwali. Da zarar jarumi ya matso kusa da jaruma, sai in sa kwali a gaban gilashi, ɗaki ya yi duhu, Baba ya ce, "Sun tafi gaida iyaye." Na taɓa makara sau ɗaya. Kunnena na hagu ya fi na dama tsawo tun daga ranar.

Baba Tanko tsohon hannu ne. A gida majigin gwamnati ya yi, yana bin ƙauyuka da mota yana nuna wa mutane amfanin allurar rigakafi da haƙa masai. Nan New York direba ne a ofishin jakadancin ƙasarsa. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, za ku ga dalili. Ku dai zaɓa: mutanen besmen ɗinmu daga ƙasashe uku suka fito, kuma a lokacin duk inda ka leƙa soja ne a kan kujera. Abin da ya sa Baba ya fi kowa shi ne sharhi. Yawancin iyayenmu mata da tsofaffi ba sa kama Turancin fim, musamman tsofaffin fina-finai da sautinsu yake kamar ana suyar ƙosai. Sai in rage sauti, Baba ya zauna gefen inji da makirufo yana fassara da Hausa. Na ce fassara ne don ladabi. Gaskiya abin da ya ga dama yake faɗa. Ƙa'idarsa biyu ce, kuma ya dasa mini su da ranƙwashi: mai sharhi ba ya yin shiru, mai sharhi ba ya dariya.

'Yan kallo su ma sana'a ne. Akwai ɗalibai masu gemu da suke zama a baya, ko fim ɗin kaboyi aka sa sai sun gano mulkin mallaka a ciki. Akwai 'yan Nijar da suke yi wa jarumi gargaɗi da Faransanci cewa ga mugu nan bayansa. Akwai Hajiya Ramatu 'yar Kumasi, mai sayar da shinkafa da wake a bakin ƙofa, wadda in ta saki dariya sai zanin bango ya kaɗa, masu gidan sama su buga ƙasa da tsintsiya. Sai Alhaji Mudi, shugaban ƙungiya, mutumin da ba ya iya cewa a buɗe taga sai ya fara da gode wa manyan baƙi.

Bara ce shekarar wahala. Birnin ya tsiyace, laburare ya rage ranakun buɗewa, mai gidan ya dinga kashe ɗumi har muna kallo da safar hannu, mutane suna rige-rigen zama kusa da inji don zafin kwan fitila. Wasu suka sayi talbijin mai kala suka daina gaishe mu. A cikin wannan hali ne aka ce wani Kanar zai zo daga ƙasar su Baba, ya duba ma'aikatan ofishin, ya ga wanda zai zauna da wanda zai koma.

Ku fahimci abin da wannan yake nufi. Takardar zaman Baba a jikin aikinsa take. Ranar da aka karɓe makullin mota, ranar zai fara ɗaure kaya. Kuma 'yarsa Ladi tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, shi kuwa ya rantse ba zai bar garin nan ba sai ya ga an ɗora mata farar hula. Kowa ya san labarin wani akawu na ofishin da ya yi raha a kan tumbin shugaban ƙasa a wajen suna, kafin jaririn ya yi arba'in akawu yana gida yana kiwon kaji.

Alhaji Mudi ya ce dole ƙungiya ta karrama Kanar da fim. Kuma babban baƙo irin wannan ba za a bar wa yaro zaɓen fim ɗinsa ba. Shi da kansa ya sa babbar riga ya tafi laburare, ya ce a ba shi na soja, mai fareti. Aka nuna masa hotuna, ya ga wani mutum da kaki da doguwar hula yana sara wa dubban mayaƙa, ya ce shi ke nan, wannan. Ya tafi da gwangwanayen fim ɗin gida ya kulle a kabad. Baba ya bi shi har gida.

"Alhaji, a ba mu mu duba shi tukuna. Ba a nuna fim sai an gani."

"Malam Tanko, so kuke ku tsufar da shi kafin baƙo ya zo? Sabo fil za a buɗe shi a gabansa."

Fim ɗin ya girmi auren Alhaji, amma Baba ya juya ya dawo.

Ran Asabar bayan azahar besmen ya cika har matakala. Aka sauko da kujera mai laushi daga gidan wani, aka ajiye a gaba. Kanar ya shigo, dogo, siriri, ba ya murmushi, kamar an guge shi tare da kakinsa. Alhaji ya yi jawabi har kwan fitila ya kusa tsufa a cikin safa. Sannan aka kashe wuta, na kunna.

Tsohon fim ne baƙi da fari, na zamanin da fim ya fara koyon magana. Da farko lafiya lau: tutoci, ganguna, sojoji. Sai ga shugaban wata ƙasa da babu ita a taswira, ɗan gajere, an ƙara wa hularsa tsawo saboda ya ci yaƙi. Ya zo shiga fada, hula ta daki saman ƙofa, ya faɗi zaune. Maimakon ya cire hula, sai ya sa aka kama ƙofar, aka yanke mata hukunci, aka rushe ta. Ni ina jin Turancin ƙasa-ƙasa ta lasifika. Wannan ba fim ɗin yabon soja ba ne. Fim ne da aka yi musamman don a yi wa mai mulkin kama-karya tsiya, tun daga hularsa har takalminsa.

Na dubi Baba. A hasken inji na ga gumi yana bin wuyansa duk da sanyin nan. Ya san in aka yi dariya ba Alhaji za a tambaya ba. Majigi nasa ne, murya tasa ce, kuma shi ne mai cin albashin gwamnati. Amma mai sharhi ba ya yin shiru. Ya gyara murya, ya fito da wata irin murya mai nauyi da ban taɓa ji ba, ya ce, "Jama'a, ga Mai Girma Shugaba ya lura ƙofofin ƙasa sun yi wa talaka ƙanƙanta. Nan take ya ba da umarnin a faɗaɗa su."

Ɗaki ya yi tsit. Kowa ya ga abin da ya gani, kowa kuma ya ji abin da ya ji. Kun san mu: babba bai yi dariya ba, wa zai fara? Ba wanda yake kallon zani sosai, kowa ƙeyar Kanar yake kallo. Ƙeyar nan kuwa ko motsi.

Fim ya ci gaba da neman mu da sharri. Motar shugaba ta ƙi tashi, ministoci suka dinga tura ta a gaban jama'a, shi yana ciki yana yin ƙarar inji da baki. Baba ya ce, "Mai Girma ya ƙaddamar da shirin tsimin man fetur, kuma majalisarsa tana bayansa ɗari bisa ɗari." Shugaba ya je buɗe sabuwar gada, yana yanke ƙyalle gada ta rufta da shi. Baba ya ce, "Mai Girma bai tsaya a sama ba, ya sauka ya duba lafiyar ruwan da kansa."

Nan na ji wani sauti daga bakin ƙofa kamar tukunya tana shirin fashewa. Hajiya Ramatu ce. Ta cusa gefen mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa, idanunta sun firfito. Na ce shi ke nan, Baba ya tafi. Da abin ya ci ƙarfinta sai ta buɗe baki ta ƙwala, "Madalla! Allah ya ƙara wa shugaba lafiya!" ta hau tafi. Ai kuwa kamar ta buɗe famfo. Duk wanda dariya ta cika wa ciki ya samu ƙofa. Shugaba ya faɗi, a yi tafi. Wandonsa ya yage, a ce, "Allah ya ja zamani!" Hawaye yana zuba, ana ta madalla. Ɗalibai masu gemu sun sunkuya kamar masu neman allura. Yaran da suka ji Turancin suka ƙyalƙyale, iyaye mata suka bi su da ranƙwashi ɗaya bayan ɗaya. Wasunku suna cikinsu, ku shafa kanku za ku tuna.

Da inji ɗaya ake aiki, saboda haka in faifai ya ƙare dole a kunna wuta a canja. Muna daidaita wannan da sallar la'asar. Mutane suka fita alwala da gudu, ana jin wasu suna sakin abin da suka riƙe a bayan gida. Na matsa kusa da Baba.

"Baba, in ce kwan fitila ya mutu?"

"Ban taɓa tsayar da fim a tsakiya ba," in ji shi. Ya leƙa ƙeyar Kanar. "Amma kwai ai ba ya shawara kafin ya mutu."

Da aka idar da salla aka zauna, na murɗa wannan, na bubbuga wancan, na yi fuskar ta'aziyya, na sanar da Alhaji. Alhaji, wanda shi ma zuwa lokacin ya gane irin ramin da ya haƙa, ya je ya durƙusa gaban kujera mai laushi.

"Ranka ya daɗe, an samu 'yar matsala. Kwan injin ne ya ƙone. Sai dai a yi haƙuri."

Kanar ya juyo a hankali. Ba Alhaji ya kalla ba, ni ya kalla.

"Kai, yaro. Mene ne wannan ya kumbura a aljihunka?"

"Safa ce, Yallaɓai."

"Ciro abin da ke cikin safar ka sa. Faifai na biyu ya fi daɗi."

Ya san fim ɗin. Ya san shi tun daga farko har ƙarshe, yana jin Turancin, yana kuma jin Hausar Baba. Na dubi Baba, Baba ya dubi silin. Sannan ya ɗauki makirufo kamar mai ɗaukar likkafaninsa ya ce, "Kunna, ɗan nema."

Ban taɓa jin sharhi irin na faifai na biyu ba, kuma ba na jin zan sake. Wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Sojojin shugaba suka juya da gudu daga fagen fama, Baba ya ce rundunar ta ci gaba zuwa wajen da ta fito. Jama'ar gari suka biyo shugaba da tumatir da ƙwai, Baba ya ce manoma sun fito nuna wa Mai Girma albarkar damina. A ƙarshe shugaba ya tsere cikin kwandon wanki, Baba ya ce ya tafi ziyarar aiki ƙasashen waje, kuma ana sa ran dawowarsa. Ko sau ɗaya muryarsa ba ta karkace ba. Hajiya Ramatu ta yi madalla har muryarta ta dishe.

Aka kunna wuta. Kanar ya miƙe, kowa ya miƙe. Ya tako har wajen inji, mutane suna darewa, ya tsaya gaban Baba.

"Kai ne direbanmu?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Na ga fim ɗin nan ina ɗalibin soja a Ingila. Mun yi dariya har aka hore mu." Ya faɗi haka fuskarsa kamar yana karanta sammaci. "Wa ya rubuta maka abin da ka faɗa?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Yana zuwa ne kawai."

"Gada ta rufta, ka ce an sauka duba ruwa."

"Kuskuren harshe ne, ranka ya daɗe. Tsufa."

"Ina da mutane cike da ofis a gida, masu digiri. In abu ya lalace sai su kwana uku suna neman abin da za a gaya wa jama'a, kuma in sun faɗa ba mai yarda. Kai kuwa kafin mutum ya kai ƙasa ka riga ka gama bayani, har ana tafi." Ya juya wajen Alhaji. "Wa ya bar wannan yana tuƙin mota?"

Ashe Kanar shi ne mai riƙe da ma'aikatar watsa labarai. Alhaji Mudi ya washe baki ya ce ai ƙungiya ta daɗe da lura da baiwar Malam Tanko, shi ya sa ma aka zaɓi wannan fim. Baba ya fara cewa, "Ranka ya daɗe, akwai yarinya a makaranta," Kanar ya ɗaga hannu ya ce ƙasa ta fi yarinya bukatarsa. Mutane suka yi layi suna yi wa Baba murnar ƙarin girma. Ya amsa wa kowa, ya juyo ya same ni ina tsaye baki buɗe, ya ce, "Me kake kallo? Mayar da fim baya, kada wanda zai ara bayanmu ya zage mu."

To, kun ji abin da kuke cewa izi ne. Duk mai son aikin a cikinku ya zo ran Asabar da wuri, barguna suna jira.

Baba ya tafi kafin sanyi ya fita. Ladi ta koma ɗakin yayata, ta gama karatunta, ni na ɗauki hoton farar hular aka aika masa. Majigin yana hannuna, ni ke kunnawa, ni ke sharhi, kuma fim nake dubawa kafin in nuna ko da Alhaji zai yi fushi. Wani ɗan Nijar yana da babbar rediyo mai kamo tashoshin gida, in yanayi ya yi kyau mukan taru mu saurara. Kwanan baya ruwa ya cinye wata sabuwar hanya a can, mako guda da buɗe ta. Muka ji muryar Baba, mai nauyin nan, yana sanar da cewa gwamnati ta samar wa jama'ar yankin wurin kamun kifi.